Haƙora Tara Daga Ƙasan Rijiya

A Jarwal, unguwarmu ta Makka, lokacin da nake tasowa, in aka ce Sarkin Teku kowa ya san Babana ake nufi, kuma ba yabo ba ne. Mutumin ko iyo bai iya ba. Sau ɗaya tak ya hau ruwan gishiri a rayuwarsa, ya sauka yana amai. Sana'arsa a Makka ɗaukar ruwa. Saƙƙa ake ce musu: sanda a kafaɗa, garwa biyu na reto, daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, zuwa benayen masu hali, hawa uku, hawa huɗu. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta har ba ta jin cizon sauro. Amma kafin ya zama saƙƙa, can ƙasar Sakkwato, mahaƙin rijiya ne ɗan mahaƙin rijiya, kuma daga can ya taho da abin da ya jawo masa wannan suna.

Haƙora ne guda tara a cikin 'yar jaka. Baƙaƙe, masu sulɓi, masu nauyin dutse. Babban cikinsu bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, sauran kamar ƙwayar gujiya, bakinsu duk ya dakushe. Kowanne yana da tsini a tsakiya da wasu 'yan ƙananan tsinaye biyu a gefe, ɗaya dama ɗaya hagu. Baba ya ce a rijiyar ƙarshe da suka haƙa da mahaifinsa ya same su, bayan sun yi gaba goma sha biyar a ƙasa, cikin wani yumɓu mai launin toka wanda ke ɓarewa falle-falle. Kakana ya ce na aljannu ne, a mayar musu da kayansu. Baba ya ce to, ya cusa su a kumatu ya hau igiya.

Da su ya yi tafiyar ƙasa ta shekara biyar, shi da Inna, suna yada zango suna ƙwadago a gonakin auduga har suka kai Sawakin, garin da ake shiga jirgi a bakin teku. A jirgin iskan da ya ƙetaro da su Bahar Maliya ne matuƙa suka kamo girish, babban kifin nan mai cin mutum. Da suka wangale bakinsa da itace, Baba ya manta da amansa. Ya rarrafo ya ciro haƙori ɗaya daga jaka ya kara da na kifin. Tun daga ranar ya tsaya a kan magana ɗaya: haƙoran girish ne ya haƙo a garinsu, saboda haka teku ta taɓa kwanciya a ƙasar Sakkwato.

Kai, ya sha dariya! Wanda ya fi kowa tsokanarsa maƙwabcinmu ne, wani Bakano mai tsire, wanda rumfarsa ke jingine da bangon ɗakinmu. Bangon kuwa na gwangwanayen kananzir ne da aka buɗe aka daddale, ko atishawa aka yi a rumfar muna ji. Can mazan unguwa ke zama bayan la'asar.

"Sarkin Teku," in ji shi, "yau kifi nawa aka kama a Sakkwato? Ko ruwan ya janye?"

"Ka yi ta dariya," in ji Baba. "Wanga hannu ya haƙo su, wanga ido ya ga bakin kifin."

"Tsakuwa ce ka tsinta a bakin ruwa, Basakkwace. Faɗi gaskiya mu ba ka tsire."

Baba ba mai son abin duniya ba ne. Riga biyu gare shi, bai taɓa neman ta uku ba. Abu ɗaya yake so, bayan cikawa da imani: wata rana mutanen rumfar nan su ce masa ya yi gaskiya. Ni kuwa haushi nake ji kamar in fasa bangon. Na taɓa zuba wa mai tsire toka a cikin yajinsa saboda haka, Inna ta zane ni, kuma har yau ban yi nadama ba.

Bari in faɗa tun yanzu, don kada mai karatu ya bi sahun 'yan rumfa: Baba ne mai gaskiya. Sai da na tsufa jikana, wanda ya yi karatun duwatsu, ya juya haƙorin a tafin hannunsa ya ce mini na wani irin girish ne da ya ƙare ƙaf tun kafin a yi mutane, babu sauran irinsa a kowace teku. Ya ce ruwa ya taɓa rufe wannan ƙasa tamu, kifin ya mutu, laka ta binne haƙoransa, da daɗewa suka koma dutse. Ya faɗi sunansa, wani dogon suna da bakina ya kasa riƙewa. Amma a lokacin da nake ba da labari babu wanda ya san haka a Jarwal, kuma ba mai faɗa mana.

Ina da shekara goma sha shida Inna ta kwanta ciwo. Tari, da kumburin ƙafa. Da aikin hajji ya matso ta ce sai ta hau Arfa. Baba ya ce ta bari sai baɗi, ai ta yi a baya. Ta ce masa waɗancan duk ta yi su ne da tukunyar abincin sayarwa a ka, hankalinta rabi na wurin Allah rabi na wurin wuta. Wannan take so ta yi da hannu wofi, kuma jikinta ya gaya mata babu baɗi. Mai tsiren nan dai, shi ya ba mu aron jakinsa ta hau.

To, harami ba shi da aljihu. Namiji in ya ɗaura zanen nan biyu, ba inda zai sa ko allura. Baba kuma ba ya barin haƙoransa a gida, don unguwa takan zama kango a kwanakin nan, awaki ma shiga ɗaki suke yi. Sai ya ba Inna jakar ta sa a ƙunshinta. Ita kuwa Inna, da za ta ɗinka mana jakunkunan tsakuwar jifa, sai ta yanko daga tsohon zanen da ta ɗinka wa Baba tasa. Launi ɗaya, girma ɗaya, zaren ɗaurewa ɗaya.

A Muzdalifa, da gari ya waye, Inna ta zauna a ƙasa ta tsinci tsakuwarta da kanta. Bakwai cif. Ta wanke su da ɗan ruwan buta, ta ƙirga sau biyu, ta ɗaure. Amma da muka iso Mina ƙafarta ta ƙi taka ƙasa. Baba ya riga ya tafi jifa tare da maza. Ta ce da ni, "Ke, ɗauki jakata a ƙunshi ki jefa mini. Ki fara da naki, sannan nawa. Ki ambaci sunana a zuciyarki." Na zura hannu a ƙunshi, na ji jaka, na zaro, na bi matan unguwa.

Wanda bai ga wurin jifa a wancan zamani ba ba zai gane ba. Lungu ne matsattse, ga raƙuma, ga jakuna, ga mutane kamar za su hau kan juna, kowa na kabbara, tsakuwar na baya na sauka a kan na gaba. Wani ma takalminsa yake cirewa ya jefa don haushin Shaiɗan. Na yi nawa bakwai. Na kwance ta Inna, ban ko duba ba, don in ka sunkuyar da kai an ture ka. Na ji dai tsakuwar da sulɓi, na ce a raina Inna ta iya zaɓe. Allahu akbar, na jefa. Allahu akbar, na jefa. Har bakwai. Na zo naɗe jaka sai na ji da saura a ciki.

Inna ba ta kuskuren ƙirga. Na buɗe. Haƙora biyu suna kallona.

Wayyo Allah! Na kutsa gaba ina ihu, wai zan tono su daga tarin tsakuwar dubban mutane. Dutse ya same ni a ƙeya, wani ya same ni a kunne, wata hajiya 'yar ƙasar Jawa ta fizgo ni baya tana zagina da yarenta. Na tsaya gefe ina kuka, mutane na wucewa suna cewa masha Allah, yarinya ta ji tsoron Ubangiji.

Da na koma rumfar buhun da muka kafa, Inna ta ɗago kai. "Kin jefa mini?"

"Na jefa, Inna."

Ta shafa fuskata ta sa mini albarka, har ta yi barci tana murmushi. Ni kuwa na lallaɓa ƙunshin, na ciro jakarta ta gaskiya, na juye tsakuwarta bakwai cikin jakar Baba don nauyi ya daidaita. Dubi wauta! Ga tsakuwar a hannuna, ga rana ba ta faɗi ba. Da na koma na sake jifan, da rabin masifar ya ƙare a nan. Amma ko kaɗan jifa bai zo mini a rai ba. Fuskar Baba kawai nake gani. Sauran kwana biyun na tsinci tsakuwa mai kyau na yi mana jifa daidai, muka komo gida. Baba ya sa rigarsa, ya karɓi jakarsa, ya jinjina ta a hannu, ya jefa aljihu.

Kwana takwas ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Ran na tara aka kawo wani baƙo rumfar mai tsire, alhaji ne daga wani ƙauye kusa da garin su Baba, kuma ya ce ya taɓa aikin rijiya. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji muryar Baba ta canja, ta koma ta yaro. Shekara ashirin yana jiran irin wannan mutum. Ya ce a matso, a kira malamin unguwa ma ya zo ya zama shaida. Na ji ya shimfiɗa hannun rigarsa, na ji ya kwance zare, na ji abin ya zubo.

Sai dariya ta fashe kamar an fasa tulu.

"La ilaha illallahu!" in ji mai tsire. "Sun gaji da ƙarya sun koma asalinsu!"

Baƙon bai yi dariya ba. Ya ɗauki haƙora biyun da suka rage ya ce lalle ana ganin irinsu a ƙasar da ake fitarwa daga rijiya mai zurfi a wajensu, ya sha gani. Dariyar ta fara ja da baya. Amma Baba bai ma ji shi ba. Yana ta juya tsakuwar da yatsa yana cewa, "Bakwai. Ina bakwai?"

Ban san lokacin da na yar da rariya ba. Na fito ba mayafin kirki, na durƙusa a bakin rumfar maza, abin da ban taɓa yi ba, na faɗi komai. Yadda jaka ta yi kama da jaka, yadda na jefa, yadda na ɓoye. Baba ya dube ni kawai. Da ya ɗaga hannu ya mare ni da na ji sanyi.

Mai tsire ne ya yi magana, kuma wallahi ba da mugunta ya yi ta ba, tunani ne ya kuɓuce masa. Ya ce, "To, Malam, in haƙora ne, jifan baiwar Allah nan fa? Ana jifa da haƙori?"

Malamin, tsoho ne mai sanyin murya, ya ce a'a. Da dutse ake jifa, ba da ƙashi ba, ba da haƙori ba. In haƙora aka jefa mata, jifan ranar bai yi ba, ga shi kwanakin sun wuce, sai dai a nemi gyara. In kuwa duwatsu ne, ba abin da ya samu hajjinta.

A daidai nan tarin Inna ya tsaya. Tun safe take tari a bayan bangon gwangwanin nan, kowa ya saba da shi har ba a ji. Da ya tsaya, kowa ya ji. Tana saurare.

Malam ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa a kan dutsen wasa wuƙar mai tsire, ya yi ƙara. Ya sa aka ɗora shi a bakin garwashi, bai yi ƙaurin ƙashi ba. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ce shi dai siffa ta haƙori yake gani, jiki kuma na dutse, abin ya fi ƙarfin saninsa. Sannan ya ce da Baba, "Kai ka haƙo su, kai ka zauna da su shekara da shekaru. Ba wanda ya san su kamarka. Abin da ka ce, a kansa zan tsaya. Mene ne su?"

Ga baƙo a zaune, shaidar da ya jira rabin rayuwarsa. Ga 'yan rumfa sun yi tsit, a karo na farko a shirye suke su yarda. Baba ya dubi bangon ɗakinmu. Sai ya ɗaga murya fiye da yadda zaman yake bukata, ya ce:

"Duwatsu ne, Malam. Duwatsu na haƙo. Jifanta ya yi."

Malam ya ce alhamdu lillahi, ya shafa fatiha. Wani daga gefe ya ce, "A to! Shekara ashirin ana wahalar da mu." Biyu-uku suka yi 'yar dariya. Mai tsire bai yi ba, ya sunkuya yana ta gyara wutar da ba ta bukatar gyara. Baba ya tattara tsakuwar Inna bakwai da haƙoransa biyu ya mayar jaka. A bayan bango tari ya dawo.

Bai taɓa yi mini faɗa a kan wannan ba, ko sau ɗaya. Da na je ba shi haƙuri washegari yana ɗaura garwa a sanda, cewa ya yi, "Ɗiyata, Shaiɗan ya sha jifa da abin da bai taɓa sha ba. Tashi ki kai ma uwarki kunu." Inna ta rasu kafin azumi ya zagayo. A kwanakinta na ƙarshe ta fi sau goma tana gaya wa masu dubiya cewa ta samu hajji guda cikakke, ba ta da sauran buri.

Baba kuwa bai ƙara ba da labarin rijiya ba. In yaran unguwa suka ce ya nuna musu haƙoran kifi, sai ya ce su je su yi wasa. Sannu a hankali aka daina ce masa Sarkin Teku, aka koma ce masa Baba saƙƙa kamar kowane mai garwa. Na ɗauka zan ji daɗin haka. Ashe tsokanar ma wani abu ce, da ita ake tunawa yana da magana. Ni na raba shi da ita, kuma abin ya zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Na yi aure, na auri direban babbar mota mai jigila tsakanin Jidda da Makka. Baba ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ido ya tafi, ya dawo gidanmu da zama. Wata rana na ce da maigidana in ya je Jidda ya shiga kasuwar kifi ya samo mini muƙamuƙin girish, da haƙoransa duka. Ya ce, "Ya shaiha, miya za ki yi da shi?" Na ce ya kawo dai. Ya kawo shi a buhu, busasshe, yana wari, faɗinsa ya kai faifai.

Na riga na shirya komai a raina. Mai tsire yana nan da rai, rumfarsa na nan, saura 'yan tsofaffi uku ko huɗu daga cikin masu dariyar. Zan riƙe hannun Baba bayan la'asar in kai shi, in ajiye muƙamuƙin a tabarma, in ajiye haƙoransa biyu a gefe, in ga wanda zai sake buɗe baki.

Da hantsi na same shi a zaure yana jan carbi. Na ce, "Baba, kawo hannunka." Na ɗora masa. Ya shafa sau ɗaya ya janye, don ya yanke shi kaɗan. Ya sake kai hannu a hankali. Sai na ga fuskarsa ta buɗe.

"Girish," ya ce. "Ina kika samo shi?"

Ya laluba aljihu ya ciro jakar, ya zaro babban haƙorin, ya kara shi da na muƙamuƙin, yana bin su da babban yatsa. Ya ce wannan nasa ya fi kauri, kuma na Jidda ba shi da 'yan tsinayen nan biyu na gefe. Ya ce ba shi ba ne sak, amma gidansu ɗaya, ko makaho ya san haka. Ya yi dariya da ya ce makaho. Rabon da in ji wannan dariya tun Inna na da rai.

Na ce, "Yau za mu rumfa, Baba. Yau sai sun ce ka yi gaskiya."

Dariyar ta tsaya. Ya jawo gefen rigarsa ya rufe muƙamuƙin, kamar wani zai shigo ya gani.

"A'a, ɗiyata. Ba mu zuwa."

"Baba, shekara nawa suna…"

"In sun ce na yi gaskiya, jifan uwarki fa? Ta tafi da hajjinta cikakke. Ki bar mata abinta."

Na ce ai Inna ta riga ta tafi, ba abin da zai taɓa ta yanzu. Ya ce shi bai san wannan ba, kuma ba zai gwada ba. Ya ce in mayar da shi buhu, in ba maigidana ya kai shi nesa, kada yara su gani su kai labari rumfa. Na yi kuka, na yi fushi, na ce wannan zalunci ne yake yi wa kansa.

Na miƙa hannu zan ɗauka sai ya riƙe gefensa.

"Dakata kaɗan," ya ce. "Ban gama ba."

Na saki. Na tashi na sakaya ƙofar zaure, na dawo na zauna kusa da shi. Ya fara daga kusurwar dama, haƙori ɗaya bayan ɗaya, layin gaba da na bayansa, bai tsallake ko guda ba, har aka kira azahar. Sannan ya miƙo mini, na sa a buhu.